Dan Allah kar a haɗa ƙaramin kunkurun ruwa da babba a tanki ɗaya

Duk wanda ya shigo gidana ya ga kunkurayen ruwana guda biyu kowa da mazauninsa daban, tambayar farko ita ce me ya sa ban haɗa su ba, ai tankin da girma, ai sai su ɗebe wa juna kewa. Toh ni dai amsata ɗaya ce kullum, kunkurun ruwa ba ya jin kewar ɗan'uwansa, mu ne muke jin masa, kuma idan ɗaya ya girmi ɗaya har ya fi shi jiki to haɗa su cutar ƙaramin ne kawai, ko da kuwa ba ka taɓa ganin sun yi faɗa da idonka ba.

Irin da nake magana a kai shi ne mai jan kunnen nan, wanda ke da jan zane a bayan ido, shi ne aka fi samu a shagunan masu sayar da kifin ado a Legas da Abuja. Asalinsa ɗan Amurka ne, daga kwarin kogin Misisipi har zuwa arewacin Meziko, kuma akwai gonaki a jihar Luwiziyana da sana'arsu kenan, su ƙyanƙyashe su su tura duniya. Idan an kawo shi yana jariri bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kore shar, gwanin sha'awa, shi ya sa yara ke rikicewa in sun gan shi. Abin da mai shago ba lallai ya gaya maka ba shi ne macen tana iya kai santimita 30, namijin bai kai haka ba amma shi ma ba ƙarami ba ne, kuma in an kula da su suna yin shekara 20 zuwa 30, wasu ma su wuce.

A can inda suke rayuwa uwar fitowa take daga ruwa ta haƙa rami ta zuba ƙwai ta rufe ta yi tafiyarta, shi kenan ita da su har abada. Bayan wata biyu zuwa uku 'ya'yan su fito kowa ya kama gabansa, ba uwa ba uba ba wa ba ƙane. Don haka babban da ke tankinka in ya kalli ƙaramin ba ƙaninsa yake gani ba, ko dai mai cinye masa abinci yake gani, ko mai tare masa wurin shan rana, ko kuma wani abu ne mai motsi da ya kamata a ɗanɗana a ji. Hotunan nan da ake gani sun hau kan juna a bisa gungume kamar masu zumunci, rana suke rububi, na saman ya samu zafin ya tare wa na ƙasan.

Yayata ta saya wa ɗanta guda ɗaya, ya shekara a gidan ya yi girma har ya kai tsawon inci huɗu, sai yaron ya dame ta wai shi kaɗai ne a ƙaro masa aboki, ta je ta ƙaro jariri. Ranar da na je yaron ya ja hannuna da murna, "Kawu zo ka ga, ƙaramin kunya yake ji, kullum yana ɓuya a bayan filta." Da na ɗago shi na duba sai na ga ƙarshen wutsiyar babu, wurin ya yi fari ya kumbura, ƙafar baya ma da ɗan yatsa ɗaya da ya gutsure. Na ce Yaya wannan fa cizo ne. Ta ce haba dai, wallahi ba ta taɓa ganin babban ya kula shi ba. Kuma gaskiya ta faɗa, don abin ba ya ɗaukar lokaci, yawanci lokacin cin abinci ne, an watsa abinci ruwa ya hautsine kowa na kai cafka, wutsiyar jariri tana wutsil-wutsil a gaban babba, ƙiftawar ido an gama. Ba su da haƙori amma bakin nan kaifi gare shi sosai. Kuma wutsiyar kunkuru ba ta sake tohowa irin ta ƙadangare, yatsa ma haka, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi fatan ciwon ya warke kar ya ruɓe a cikin ruwa mai datti.

Amma ni cizon ma bai fi damuna ba, don shi ana gani a ɗau mataki. Wanda ya fi muni shi ne wanda ke cin ƙaramin a hankali ba jini ba rauni. Kunkuru jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, sai ya fito daga ruwa ya hau dutse ko katako ya gasa jikinsa kafin cikinsa ya iya narkar da abin da ya ci, kuma a nan ne yake samun hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda fatarsa ke haɗa bitamin D3 da shi, in babu wannan bitamin to kalsiyam ɗin da ke cikin abinci wucewa kawai yake, ƙashi da ƙoƙon baya ba su amfana ba. Toh ka duba, wurin hawa ɗaya ne, babba ya riga ya baje a kai, ƙarami ya yunƙuro a ture shi ko ma tsoro ya hana shi zuwa. Bai sha zafi ba, cikinsa bai yi aiki ba, bai ji yunwa ba, ɗan abin da zai ci ma babban ya riga shi, shi kuwa babban ya ci nasa ya ci na ƙaramin ya hau dutse ya narkar ya ƙara girma, gobe tazarar ta fi ta yau. Haka za a yi ta tafiya har wata rana ka taɓa ƙoƙon ƙaramin ka ji yana lotsawa. Jariri sabon ƙyanƙyasa dama ƙoƙonsa da ɗan taushi, amma wanda ya yi watanni ya kamata ya yi tauri, in bai yi ba akwai matsala. Wani kuma idonsa ne zai kumbura ya rufe, wanda sau da yawa rashin bitamin A ne ko ƙazantar ruwa, kuma kunkurun da ba ya gani ba ya cin abinci.

Masu kiwon tarwada sun san wannan karatun tun tuni, shi ya sa suke ta wahalar ware waɗanda suka yi saurin girma daga cikin ƙanana, don sun san in an bar su tare sai dai a wayi gari kifi na raguwa. Girman jiki ne abin dubawa a nan ma, ba watannin haihuwa ba, kunkuru biyu da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya ma ɗaya na iya tsere wa ɗaya.

Sannan cimarsu ma ba ɗaya ba ce. Jariri kusan mai cin nama ne, kullum ake ba shi, ƙwayoyin abincin kunkuru da ake sayarwa, tana, ƙananan fara ko gyare, ɗan kifi. Yana girma yana komawa ganye, abincin ƙwaya kuma a rage zuwa bayan kwana biyu ko uku, a bar masa ganye ya yi ta tsinka, nawa babban kainuwa yake so sosai, sai dai ina wanke ta da kyau kafin in sa. A tanki ɗaya ta yaya za ka ba wannan kullum ka hana wancan? Ba ya yiwuwa, kuma ba za ka ce bari in ba shi a busasshen wuri ba don su sai a cikin ruwa suke iya haɗiya. Ƙarshe babban ya yi ƙiba har nama na bultsowa ta gefen ƙafafu, ƙaramin ya rame. Ruwan ma haka, jariri ya fi son ɗumi, digiri 26 zuwa 28, babba yana jure 24, wurin gasa jiki kuma ya kai 32 zuwa 35. Mu nan da zafi ba matsala, amma lokacin hunturu a Kaduna in dare ya yi ga an ɗauke wuta hita ta mutu, ƙaramin ne sanyi ke fara kayarwa, za ka ga yana iyo a karkace ko kumfa na fita ta hanci ko yana buɗe baki, wannan ciwon huhu ne, sai likitan dabbobi, ba a jira da shi.

Akwai kuma maganar cuta. Sabon da aka kawo daga shago ba ka san da me ya zo ba, masu kiwo suna ware sabo wata biyu zuwa uku kafin ma a yi tunanin kusantar da shi da wani. Ballantana wanda yara suka kamo a kududdufi da damina, irin namu na nan mai lanƙwasa wuya gefe, shi kam kar ma a fara, yana iya zuwa da tsutsar ciki ko matsattsaku, kuma mafarauci ne na gaske, a dazukan kudancin Afirka an sha ganin irinsa suna taruwa su ja kurciya cikin ruwa in ta sauko sha. Wanda ke jan kurciya me jaririn santimita 4 zai zame masa?

Wani zai ce ai tankina babba ne. Nawa ne girman nasa? Lissafin da masu kiwo ke bi shi ne kusan lita 40 na ruwa ga kowane inci ɗaya na tsawon ƙoƙo, wato mai inci huɗu shi kaɗai yana son wajen lita 150, macen da ta gama girma kuwa ta haura lita 400. Robar nan mai bishiyar roba a tsakiya da ake haɗa wa mutum a shago ko jariri ɗaya ba ta isa, wallahi ganinta ma ɓata min rai yake.

Abin da muka yi a gidan Yaya ba wani kuɗi ya ci ba. Babban baho na roba muka samu aka koma da ƙaramin ciki, zurfin ruwan ya ninka tsawon ƙoƙonsa sau biyu don in ya kife ya iya juyowa, aka sa dutse mai faɗi da zai hau ya bushe gaba ɗaya, da ganye yana yawo a sama don ya samu wurin ɓuya ya huta. Kafin ciwon ya kame ana canza ruwan kullum. Ƙwan fitila mai ba da hasken UVB yana wahalar samu a nan kuma ƙarfinsa na raguwa ko da yana ci gaba da haske, sai an canza shi bayan wata shida zuwa shekara, amma Allah ya ba mu rana kyauta, da hantsi a fitar da bahon tsakar gida, rabi a rana rabi a inuwa, mutum na zaune kusa. Kar a ce an ajiye tanki jikin taga ya wadatar, UVB ba ya ratsa gilas, zafin ne kawai ke shiga. Kuma kar a tafi a bar shi, ruwa kaɗan a roba yana zafi da sauri ya kashe shi, ga shirwa ga hankaka ga mage. Da ya samu wurinsa shi kaɗai sai ga shi yana hawa dutse yana miƙe ƙafafun baya, yana cin abinci har yana biyo yatsa, wanda da ake cewa kunya gare shi.

In kuma dole sai an haɗa, a ce girmansu ɗaya kuma wurin ya wadata, to a yi wurin hawa biyu nesa da juna, a sa wani abu a tsakiya da zai hana su ganin juna kullum, a riƙa ciyar da kowa a robarsa daban, wannan ma yana rage dattin tankin, sannan a samu ƙaramin sikeli ana auna su lokaci-lokaci, in ɗaya na hawa ɗaya na tsaye a raba. Baho na biyu ya zama yana ajiye tun ranar farko. Don ko sun zauna lafiya suna ƙanana ba ka san me kake da shi ba, ba a gane mace da namiji sai ƙoƙo ya kai wajen inci huɗu, lokacin ne namiji zai fito da dogayen farata a hannu da wutsiya mai kauri. Maza biyu faɗa, mace da namiji kuma ya yi ta bin ta yana kaɗa mata farata a fuska ba hutu har ta gaji ta cije shi ko shi ya cije ta, mata biyu ne ake ɗan samun sauƙi, shi ma ba tabbas.

Tunda yara ne yawanci ake saya wa, dole in faɗi wannan. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar salmonela ko da lafiyarsa ƙalau, dalilin da ya sa kenan tun 1975 Amurka ta hana sayar da duk wanda ƙoƙonsa bai kai inci huɗu ba, saboda yara na sa su a baki suna kamuwa da zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko ruwansa, kar a wanke bahon inda ake wanke-wanke, ɗan ƙasa da shekara 5 kuma kallo kawai.

Wanda kuma ya karanta wannan ya ga ba zai iya da biyu ba, dan Allah kar ya ɗauki ɗaya ya kai kogi ko kududdufi da sunan ya 'yanta shi. Mai jan kunne yana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, Japan ma a 2023 ta hana sayarwa da saki saboda yadda ya cika musu tafkuna, kuma yanayinmu na ɗumi zai yi masa daɗi ya takura wa namu na gida. A tambaya cikin 'yan'uwa da abokai ko akwai mai so, ko a koma wa mai shagon a ji ko zai karɓa, a haɗa wa wanda zai ɗauka da bayanin abinci da zafin ruwa da girman da zai kai nan gaba.