Ƙuri'ata ta bi shi wata jam'iyya

A zaɓen 2023 tun da asuba na fita, na yi layi cikin rana har bayan azahar, tawada ta kwana uku a babban yatsana. Ɗan majalisar da na zaɓa ya sauya sheƙa, ko mazaɓa bai zo ya faɗa mana ba, a rediyo na ji. Wallahi abin ya ci mini rai.

Sashe na 68 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye komai ba: ɗan Majalisar Tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya shiga wata ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. To amma Kakaki ko Shugaban Majalisar Dattawa aka ɗora wa zartar da hakan, kuma nan gizo ke saƙa. Sau da yawa jam'iyyar shugaban ce ke karɓar baƙon, sai ya karanta wasiƙarsa a zaure, a yi tafi. Aminu Tambuwal yana Kakaki ya koma APC a 2014, Bukola Saraki yana shugabancin dattawa ya koma PDP a 2018. Wa zai ce musu su tashi?

Kotun Ƙoli ta sauke Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga Ondo, kan haka a 2015, amma lokacin saura makonni wa'adinsa ya ƙare.