Ba kowace murɗar ciki ce olsa ba fa

Mu nan Jos da zarar ciki ya murɗa wa mutum sai ka ji "olsa ce ta tashi" ko "taifot ne", daga nan sai kemis, a ƙulle masa Flagyl da diclofenac a leda, shi ke nan wai an ga likita. Diclofenac ɗin nan ne ma yake bani haushi wallahi, don shi da ibuprofen suna cikin magungunan da ke cin bangon ciki su kawo gyambon da kake tsoro, balle in ka sha ciki babu komai. Gudun gara an tadda zago kenan.

Ita olsar ma yawanci ba yunwa ko yaji ke kawo ta ba, wata ƙwayar cuta ce, H. pylori. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano haka har aka basu kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta ta bayan gida, in an samu a ɗora ka kan magani na kamar sati biyu, ba wai kayi ta kwankwaɗar madara da ruwan kanwa shekara da shekaru ba.

Amma gaskiya mafi yawan murɗar da muke fama da ita daga abin da muka ci ne. Allah ya hore mana kabeji da latas da karas, ka shiga kasuwar Farin Gada ka ga tsibi-tsibi, to amma wane ruwa aka yi ban ruwan lambun da shi? A gidan biki a yanka salak tun safe, a ɗan tsoma shi a roba ɗaya, a labta mayonis ya wuni a rana, cikin dare kowa na zaryar banɗaki. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin kwana biyu uku, abin da ake so kawai kar ruwan jiki ya ƙare. Ka sayi ORS, in babu ka tafasa ruwa lita 1 ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kana kurɓa a hankali. Ciwon mara na al'ada kuma ɗora kwalbar ruwan ɗumi a kan marar yana taimakawa sosai.

Sai dai akwai wanda ba a zama da shi a gida. Ciwon da ya fara daga cibiya ya gangaro ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi ga amai, afendis ake zargi, in ya fashe kuwa magana ta zama babba. Haka bayan gida baƙi ƙirin ko mai jini, ko gudawa tsululu kamar ruwan shinkafa a damina. Ke kuma 'yar uwa in kin yi ɓatan wata sai gefe ɗaya na mararki ya riƙe ki da ƙarfi, cikin na iya zama a waje ba a cikin mahaifa ba, ko ƙarfe biyun dare ne a nemo Keke a kai ki JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitin da ya fi kusa.