Daga Damagaram Zuwa Gadabeji Neman Raƙumin Dawa

Kawuna ne ya jawo tafiyar. Tun muna yara yake ba mu labarin wani raƙumin dawa da ya gani a dajin Damargu yana saurayi, mu kuwa muna dariya a ɓoye, don raƙumin da muka sani shi ne mai kawo kanwa kasuwa. Da na gaya masa an mayar da raƙuman dawa gandun dajin Gadabeji, sai ya ce, "To, ka kai ni kafin idona ya ƙarasa mutuwa."

Mun bar Zinder bayan sallar asuba, cikin kaka, a kat-kat ɗin haya, motar nan mai iya shiga yashi. Takeita, Tasawa, Maraɗi, duk kwalta ce, ba abin faɗi sai kilishin da Kawu ya hana kowa taɓawa. A Dakwaro muka kwana. Daga nan hanya ta zama yashi, kuma sau biyu mota ta kafe muka fito turi, ni da direba, Kawu yana daga inuwa yana ba da umarni.

Gadabeji tsohon gandu ne. Tun 1955 aka keɓe shi, hekta 76,000, musamman saboda mariri da barewa. Mariri ya ƙare ƙaf. Raƙuman dawa ma fari da farauta suka share su a shekarun 1970, har ta kai a 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, su ma a wajen Kure, kusa da Yamai. Da aka tsare su suka hayayyafa suka haura 600, sai a 2018 aka ɗebo takwas a babbar mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka sauke a nan. Ma'aikacin gandun daji da ya raka mu ya ce ranar mutanen rugage sun yi dafifi kamar ana bikin salla.

Amma fa 'yan tsirarun dabbobi a daji mai wannan faɗi, nemansu aiki ne. Mun yi safiya guda muna zagaye. Mun ga bareyi suna tsalle cikin busasshiyar ciyawa, mun ga jan biri, da dila ɗaya da ya tsaya ya ƙare mana kallo. Abin da ya fi yawa kuwa shanu ne a bakin iyaka, jajaye masu dogon ƙaho na Fulani, da raƙuman Buzaye. Wanda ya zo da tunanin dajin talabijin, inda zaki ke kwance kowace inuwa, zai koma da takaici. Ni ma na fara jin kuɗin mai yana yi mini zafi.

Wajen la'asar ma'aikacin ya sauka, ya duƙa kan wani sawu mai faɗi rabe biyu, ya murtsuke kashin da ke gefe da yatsa. "Baba, na yau ne," in ji shi. Muka bar mota muka bi a ƙafa, iska na bugo mu ta gaba.

Ni ban gan su da farko ba. Bishiyoyin ƙandili kawai nake gani, sai wani reshe ya motsa, ashe wuya ne. Uku ne, da ɗan ƙarami a bayansu, wanda aka haifa a nan. Launinsu ya fi na hoto haske, kamar ƙasar unguwar Birni ta Zinder in rana ta yi, ƙafafun kuwa kusan farare. Babbar tana zare ganye daga tsakanin ƙaya da dogon harshe baƙi-baƙi, ko a jikinta. In suna tafiya, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare, irin na raƙuminmu na gida, sai na gane inda sunan ya samo asali.

Na miƙa wa Kawu madubin hangen nesa, ya ture hannuna. Ya daɗe tsaye, ya dafa sanda, leɓensa na motsi.

"Kawu, kuna ganinsu kuwa?"

"Ina gani. Wancan na Damargu ya fi su tsawo."

Ma'aikacin ya danne dariya. A hanyar komawa mota Kawu ya kwance ƙullin kilishin nan da kansa, ya fara ba shi, sannan mu.