Wata Uku Addu'a Ta Ƙi Fita Daga Bakina

Ranar da muka binne maigidana a Kafanchan ban zubar da hawaye ba. Mutane suka yi ta yabona, wai ga mace mai bangaskiya. Ina bangaskiya? Zuciyata ce ta daskare. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya jawo mini 1 Tasalonikawa 4:13, kada mu yi baƙin ciki kamar marasa bege. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, na sani, amma abin da ya shiga kunnena shi ne: haɗiye kukanki, kada ki ba Yesu kunya.

Da aka watse zaman makoki, 'yan'uwa suka koma garuruwansu, sai gidan ya yi mini faɗi. Takalminsa na nan bakin ƙofa. Sau biyu ina zuba tuwo a kwanonsa kafin in tuna. Da asuba, lokacin da muka saba yin sujadar gida, sai in durƙusa in ce "Ya Uba", daga nan maganar ta maƙale. Wata uku cur a haka. Lahadi kuwa ba na fashin majami'a, ana waƙa ina motsa baki.

Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Mata da takan zo kowace Laraba da ƙullin gyaɗa, ta zauna a tabarma tana ɓarewa. Ba wa'azi, ba nasiha. Irin zaman abokan Ayuba ke nan, kwana 7 a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma ai sai da suka buɗe baki suka ɓata lamarin.

Wata rana magana ta suɓuce mini: "Mama, ni fa fushi nake yi da Allah."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To 'yata, kin gaya masa?"

"Haba Mama, ana gaya wa Allah haka?"

"Je ki karanta Zabura 88."

Daren nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki na maigidan, wanda duk ya zazzane da jan biro. Zaburar mai ayoyi 18 ce, ta wani Heman. Yana tambayar Ubangiji don me ya yashe shi, don me ya ɓoye masa fuska. Na yi ta jira ya juya zuwa yabo kamar yadda Dawuda ya yi a Zabura 13. Bai juya ba, a cikin duhu ya ƙarasa. Amma tun ayar farko Allah na cetonsa yake kira, kuma ba a cire ƙorafin nan daga littafin ba. Sai na tuna Marta a Betanya, Li'azaru na da kwana 4 a kabari, ta tari Yesu da cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Bai tsawata mata ba. Shi kansa da ya ga Maryamu tana kuka, hawaye ya yi.

Addu'ata ta daren nan ba ta da tsari ko kaɗan. Na kai ƙarar asibitin da aka bar mu muna jira, na kai ƙarar kuɗin makarantar yara, na tambaye shi inda yake ranar. Na yi kuka har zakaran maƙwabta ya yi cara.

Daga baya na koma kan ayar Tasalonikawa ni kaɗai, na ga Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege kawai ya hana. Yanzu in na je gidan rasuwa, sai in ce sannu da haƙuri, in nemi kwanukan wankewa. Takalmin nan na ba ƙanensa. Kwanon dai yana nan, ban iya bayarwa ba tukuna.