Ritayar da Ba Ta Zo da Hutu Ba

A wurin wani ɗaurin aure a Kaduna na zauna kusa da wani dattijo da ya yi shekara 35 yana aikin ɗan sanda, ya ajiye kaki yana sufeto, yanzu kuma gadi yake yi a wata makarantar kuɗi, yana haɗa albashin da ɗan fanshonsa. Da na ce, "Baba, ai lokacin hutu ya yi," sai ya ce hutu sai mai abin sawa a tukunya.

Wasu na ganin mai karɓar fansho da ya koma aiki ya ci tudu biyu, ya kuma tare wa matasa gurbi. Ni dai ban yarda da wannan hukunci a kan ƙananan jami'ai ba. Tun da dokar gyaran fansho ta 2004 ta sanya 'yan sanda cikin tsarin karo-karo, abin da mutum zai samu ya dogara ne da abin da aka tara masa gwargwadon albashinsa, kuma kowa ya san yadda albashin nan yake. An fitar da sojoji daga tsarin, aka bar 'yan sanda, shi ya sa tsofaffinsu suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a cire su.

Da hukuma za ta ɗauki masu sauran ƙarfi a cikinsu aikin kwantiragi, su horar da kurata a kwalejojin 'yan sanda ba tare da an taɓa fanshonsu ba, da na goyi baya.