Yadda muka ta da fijon Baffa

Fijo 504 ce, fikof, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Da ita Baffa ke kai gero da riɗi kasuwar Maigatari ran Alhamis, har ganinsa ya ragu ya ajiye tuƙi. Ta daɗe a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Gumel. Ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, fetur ɗin da ya rage a tanki ya koma danƙo mai wari.

Wani tsohon bakanike a Gumel ne ya ɗora ni a hanya. Ya ce, "Yaro, injin da ya daɗe a kwance ba a fara masa da makulli." Sai na cire fulogi huɗun, na zuba ɗan baƙin mai gauraye da gas a kowane rami, na bar shi ya jiƙa. Bayan kwanaki na sa sifana a kan fulin gaba ina juyawa a hankali. Da farko ya ƙi, daga baya ya saki. Da an tilasta masa da kiki, ringin da tsatsa ta kama na iya karyewa. Na juye tsohon mai, na wanke tanki da kafireta, na goge kwantak da sanfefa na daidaita ratarsa a milimita 0.4, na mayar da wayoyin fulogi bisa jerin 1-3-4-2. Gaskit da fanbel kuwa sai da na je Kofar Ruwa a Kano.

Da zan canza gaskit bakaniken ya ƙara ja min kunne. Silif ɗin wannan injin, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa, zaune yake cikin ruwa, ana iya zare shi. In ka cire tof silinda kuma ka juya inji, silif ya motsa, to ruwa zai gangara cikin mai, aiki ya dawo sabo.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne filin aikin kansa. Ƙasarmu rairayi ce. Na ɗaga gaban motar da jak, na ɗora shi a kan katako, na shiga gida in sha ruwa. Ina fitowa na tarar katakon ya nutse ta gefe guda, motar ta zame ta zauna ƙasa, daidai inda kafaɗata za ta kasance. Ƙannena biyu na wasa a wurin. Tun ranar ba na shiga ƙarƙashinta sai na jera kututturan icce masu faɗi a ƙarƙashin shasi, na tokare tayoyin baya da duwatsu, na kori yara. Bulo ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba gargaɗi.

Ranar tayarwa makwabta suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a tsiyaya fetur a bakin kafireta ana kiki. Na ƙi, domin in injin ya yi tari ta baya, wutar fuskar mai zubawa take kamawa. Na sa mai sigari ya matsa nesa da batir, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana fashewa. Na cire babbar riga kada fanka ta fizge ta. A fili muka yi, don hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kisa, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari.

Ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, ta kama. Baffa ya kasa kunne ya ce, "Ɗana, silo ya yi sama, rage shi." Na rage. Da ta yi zafi ƙanena ya kai hannu murfin lagireto, na riƙe shi sai da ta huce.

Har yanzu ba ta hau kwalta ba. Robobin birki sun tsattsage, tayoyi sun bushe, kuma ba zan ɗauki kowa a cikinta ba sai na canza su bayan kaka.