Sitikar da na ƙi mannawa

Sana'ata haɗa jita da amfilifaya ne, mu uku ne kacal a wurin aikin, ni da yarana biyu, kuma maganar gaskiya kusan duk abin da ke fita daga hannunmu kwaikwayon abin da wani ya ƙera ne tun kafin a haife ni. Kwastoma ba ya zuwa ya ce ƙirƙiro min sabuwar siffa, cewa yake ina son irin Stratocaster, wadda Leo Fender ya fitar a 1954, ko irin Les Paul ta Gibson ta 1952, sai dai a rage min nauyi ko a sirance wuyan.

Kwanaki na gama wa wani mutum jita, fenti ya bushe an ɗaura tsirkiya, ya zo ya gwada har yana lumshe ido, can sai ya zaro wata 'yar sitika daga aljihu mai rubutun Fender ya ce Maigida a manna min wannan a kan jitar a bi ta da banish yadda ba za a gane ba. Na ce wannan kam ba da hannuna ba. Ya yi dariya ya ce to ai gangar jikin ma kwafa ka yi, meye bambancin? Ban ji haushi ba don tambayar tana kan hanya.

Takardar mallakar ƙirƙira tana da wa'adi, yawanci shekara 20, in ta ƙare kowa na iya amfani da fasahar, na su Leo Fender kuwa sun daɗe da ƙarewa. Shi tambarin kasuwanci ba haka yake ba, muddin kamfani na aiki da shi yana nan daram. Fender sun so su mayar da siffar gangar jikin Stratocaster da Telecaster da Precision Bass tambarinsu a Amurka, a 2009 hukumar da ke duba irin wannan ta ƙi, ta ce shekara da shekaru kowa na yin wannan siffa har ta zama ta gama-gari. Amma sunan da siffar kan jitar, wurin da ake ɗaure tsirkiya, nasu ne, shi ya sa za ka ga kowane maƙeri yana ɗan lanƙwasa kan tasa daban. Ko ƙarar da Gibson ta kai masu shigo da jitocin Ibanez Amurka a 1977 a kan siffar kan jitar ne, kuma sulhu aka yi. Da Gibson ta kai kamfanin jita na PRS ƙara a kan jitarsa ta Singlecut ta yi nasara da farko har aka dakatar da ƙera ta a 2004, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2005 tunda babu mai biyan kuɗinsa yana zaton Gibson ya saya. Sai dai doka ta kowace ƙasa daban ce, kar wani ya ce ni na ba shi fatawa, ni ba lauya ba ne.

Ɓangaren amfilifaya ma abin ya fi ban dariya. Marshall ɗin farko, JTM45 da Jim Marshall da mutanensa suka haɗa a Landan a 1962, tsarin wayoyinsa kusan na Fender Bassman ne sak, canjin bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, da taransifoma da sifikun Celestion ne ya ba shi tasa muryar, yau kuma ba mai kiran Marshall ɓarawo. Shi kansa Fender ɗin yawancin dabarun daga littattafan bawul na RCA da fasahar Western Electric ya ɗebo su. Kowa a gindin wani ya sha inuwa.

Inda abin yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne inda doka ta yi shiru. Marigayi Alexander Dumble ya kasance yana zuba wani baƙin danƙo mai tauri a kan kayan cikin amfilifayarsa don kar a ga me ya sa, haka Bill Finnegan mai fedal ɗin Klon Centaur, 'yar na'urar da ake takawa don sauya sautin jita, duk da haka mutane sun kankare sun kwafa. Ni ma na taɓa yi, ba nasu ba, na wani ƙaramin maƙeri ne irina wanda aka kawo min gyaran amfilifayarsa, na kwana biyu da allura da iska mai zafi ina ɓantarar danƙon ina rubuta lambar kowace kapasita, na haɗa guda huɗu na sayar ƙasa da kuɗinsa. Ba kotun da za ta kama ni, amma mutumin yana raye, da wannan tsarin yake ci da iyalinsa, ya yi shekaru yana gwaji da kunnensa ni kuma na ɗauke a kwana biyu. Na biyar ɗin yana nan a ƙarƙashin teburi rabi da rabi, ban ƙarasa ba. Yanzu in tsari na Bassman ne ina faɗa wa mai saye ɓaro-ɓaro cewa Bassman ne na ɗan taɓa, in na mai rai ne kuma ƙarami sai in ce je ka saya wurinsa.

Shi mutumin sitika ya rantse ba zai taɓa sayar da jitar ba, don jin daɗinsa ne kawai, na kuma yarda da shi, amma jita tana fin mai ita tsawon rai, wata rana magada za su kai ta kasuwa wani yaro ya tattara guminsa ya sayi jabu. Ya biya ya tafi da sitikarsa a aljihu, ƙila ya samu mai manna masa. Abin da bai lura ba shi ne a ramin da wuya ke shiga gangar jiki na ƙona sunan wurin aikinmu da shekarar da ƙarfe mai zafi, duk wanda ya kwance sukurori huɗun da ke riƙe wuyan zai gani.